Jimlar Da Zenovia Ta Ƙi Rubutawa

Shekara talatin da ɗaya Zenovia Amariei ta yi tana koyarwa a ƙauyen Tinoasa de Sus, aji huɗu a ɗaki ɗaya, ita kaɗai. Amma ranar da ta baje takardunta a teburin kicin za ta haɗa fayil, sai ga shi duk shekarun nan ba su kai kaurin yatsa biyu ba. Ta juya su, ta sake juyawa, kamar za su haihu. Mijinta Lambe yana bakin murhu yana tuƙa tuwon masara, ya leƙo ya ce, "Shi ke nan? Ai takardun tsohuwar taraktata sun fi wannan kauri."

"Kai dai tuƙa tuwonka kada ya yi gudaji."

Abin da take nema kowane malami a gundumar ya san shi. Duk shekara ofishin ilimi kan zaɓi malamai 'yan ƙalilan a ƙara musu rubu'in albashi har shekara biyar, ƙarin ƙwazo ake ce masa. Kada ka zaci wani zai tako ƙafa ya zo ajinka ya ga ko yara sun iya karatu. Ina! Fayil ake dubawa. Kowace takarda da makinta. Ka je kwas, maki. Ka zauna a taro an ɗauke ka hoto, maki. Ka liƙa hoton a allon sanarwa wani ya buga maka hatimi cewa ka liƙa, shi ma maki. A tara, a jera sunaye daga sama zuwa ƙasa, a ja layi. Wanda ke saman layi ya ci, na ƙasa kuma sai baɗi.

Ita kuwa Zenovia ba ta da baɗi da yawa, shekara biyar cif suka rage ta yi ritaya. Kuma ba don sabon labule take son ƙarin ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, da an rufe makaranta babban hutu sai ta hau ƙaramar bas zuwa Italiya, ta karɓi yayarta Aglaia a aikin jinya wata biyu a gidan wata tsohuwa a Padova. Ta ɗaga tsohuwar, ta yi mata wanka, ta canza mata ƙunzugu, ta sake ɗaga ta. Bayan Zenovia ya gama lalacewa. Bara likita ya gaya mata ƙiri-ƙiri, in ta ci gaba da ɗaga mutane, ba da daɗewa ba ita za a koma ɗagawa. Da wannan ƙarin, da fanshon da zai biyo bayansa, ba za ta sake taka Padova ba. Har ta riga ta ce wa Aglaia ta nemi wata, ta kuma faɗa da ƙarfi don ta ji daɗin faɗar.

Suna cikin haka Ortansa ta faɗo gidan ba ƙwanƙwasa ƙofa, kamar kullum. Malama ce a ƙauyen da ke gangare, ƙawar Zenovia, ko da yake Zenovia ta girme ta da shekara goma. Ita nata fayil ɗin a jakar cefane mai taya take jan sa. Ta ɗaga na Zenovia da yatsa biyu kamar mai ɗaga mataccen ɓera.

"Wayyo, Zeno! Wannan ko murhu ba zai kunna ba. Makin kwas nawa gare ki?"

"Saba'in da biyar."

"In bai cika casa'in ba, ko kallon wannan sashen ba za su yi ba, sifiri za su ba ki a wurin. Saura sha biyar. Akwai kwas a birni, Asabar huɗu, maki sha biyar daidai, zai ƙare kwana biyu kafin a rufe karɓar fayil. Na sa sunana, na sa naki, ba sai kin gode min ba."

"Kwas a kan me?"

Ortansa ta gimtse baki. "Yadda ake koyar da aji da yawa a ɗaki ɗaya."

Lambe ya saki muciya ya kwashe da dariya har da tari. Zenovia ba ta yi dariya ba. Ta ce in don maki sha biyar ne, ko yadda ake shan ruwa za a koya mata, za ta zauna ta rubuta.

Asabar ta farko suka kama bas ɗin ƙarfe bakwai saura. Malamai ashirin da shida aka cusa a kujerun yara a wata makarantar birni, kowa da kwat a jiki, don ba a kunna na'urar ɗumama ɗaki ranar Asabar. Takardar sa hannu ta zaga tun kafin a ce musu ina kwana. Mai koyar da kwas ɗin, Domnu, wato Malam, Ovidiu Pavaleanu, mutum ne mai gyararren gemu da murya mai laushi, irin waɗanda ke ce maka "abokin aiki" suna kallon agogo. Ya raba musu wani ɗan littafi mai ƙyalƙyalin bango. A jiki an rubuta Tsarin Pavaleanu, da manyan baƙaƙe.

Zenovia ta buɗa don kawai ta sami abin yi da hannunta. A shafi na sha huɗu ta tsaya.

Hoton aji ne. An ja igiyar shanya daga bango zuwa bango, an rataya katuttuka kala huɗu, kowane aji da kalarsa. A kan wani tebur ga jan murfin kwalba. A baya ga taga mai tsagaggen gilashi an liƙe da salatif. A gefe kuma ga hannun wata mata tana ciro kati, an yanke kanta daga hoton, hannun kaɗai aka bari. A gindin babban yatsan akwai tabon ƙuna. Zenovia ta kalli hoton, ta kalli hannunta na dama, inda ƙofar murhun aji ta ƙone ta shekara ashirin da suka wuce.

Ortansa ta zungure ta da gwiwar hannu. "Zeno, wannan ba tagar ajinki ba ce?"

"Har yau ba su gyara ta ba."

Sai a lokacin ta gane mai gemun. Shekara takwas baya ba shi da gemu, ƙaramin sufeto ne da aka turo duba makarantun kan tudu. Motarsa ta kafe a taɓo, Lambe ya janyo ta da tarakta. Ta shirya masa tebur kamar yadda ake yi wa kowane sufeto, da sarmale, wato nama naɗe cikin ganyen kabeji, da kaza, da cuku, ya ci ya yi nak, ya tafi da kwalbar zuma. Ranar ya yi ta tambaya, ya yi ta ɗaukar hoto da waya. Gaskiya ita ma kanta ya kumbura, don ba wanda ya taɓa tambayarta yadda take yi. Ta zayyana masa komai. Yadda yaro ke zuwa ya ciro katin aikinsa daga igiya ba sai ya jira ta ba. Yadda in ya maƙale ba ya kiran "Doamna, Doamna", wato "Malama, Malama", ya dame sauran azuzuwa, sai ya ɗora jan murfi a kan tebur ya wuce tambaya ta gaba, in ya gama ya ɗora kore. Shekara goma ta yi tana gyara abin nan kafin ya zauna.

Yanzu ga shi a gaban allo yana nuna murfin kwalba da sanda, yana cewa bincikensa na shekaru ne ya kai shi ga gano haka. Zenovia ta ɗaga hannu.

"Domnu, katuttukan da yara suka gama, wa ke duba su?"

"Malama mana. Lokacin hutun tara."

Ta sauke hannu. Hutun tara! Lokacin da take ƙara itace a murhu, tana raba faɗa, tana neman safar hannun wani. 'Yan aji huɗu ne ke duba na 'yan aji biyu, ita kuma ta duba masu dubawar, nan ne duk dabarar take. Ashe ko satar ma bai iya yi cikakkiya ba.

Da aka tashi shan kofi ta same shi a bakin taga. "Domnu Pavaleanu, ba ka gane ni ba?"

"Doamna, ki yi haƙuri, malamai ɗaruruwa nake gani a shekara."

Ta buɗa shafi na sha huɗu, ta ɗora hannunta kusa da na hoton. Kunnuwansa suka yi ja, amma murya ba ta girgiza ba.

"Ah, Tinoasa! Mai zuma! Yaya maigidan? Doamna, ilimi ai na kowa ne. Ke kin yi abinki haka nan a aikace, ni kuma na ba shi ginshiƙi na kimiyya. Kamata ya yi ki yi alfahari, ajinki ya shiga littafi."

Har da dafa mata kafaɗa. Ta ji kamar ta watsa masa kofin, amma ta tuna matattakalar gidan Padova da take hawa ɗauke da tsohuwar, ta shanye abinta.

Ta haɗiye. Asabar ta biyu da ta uku ta zauna kamar gunki, tana yanka kwali tana yin katuttuka yadda aka umarta. Har ya ɗaga nata sama ya ce, "Kun gani? Doamna Amariei ta kama da wuri." Ortansa ta danne mata ƙafa a ƙarƙashin tebur don kada ta yi magana, ita kuwa ba ta da niyya. Maki take nema, ba rigima ba.

A ƙarshen Asabar ta uku ya raba samfurin shafin ƙarshe. Kowa ya san al'adar. In kwas ya ƙare kowane malami zai miƙa kundin aikinsa, shafin ƙarshe kuma shi ne "Abin da na koya". Mai kwas ne ke rubuta samfuri, kowa ya kwafe da hannunsa ya sa hannu a ƙasa. 'Yan kwamiti ba sa buɗa komai sai wannan shafin. Kada ma a ce Zenovia waliyyiya ce, ta kwafi irinsa ba sau ɗaya ba. Akwai kwas ɗin kwamfuta da aka gama ba a kunna kwamfuta ko ɗaya ba, ta rubuta cewa ta ƙware, ta yi barcinta lafiya lau. Amma wannan karon ga abin da samfurin ya ce:

"Kafin wannan kwas ban san yadda zan tafiyar da aji huɗu a lokaci ɗaya ba. A wurin Domnu Pavaleanu na fara ganin tsarin igiya da murafe, kuma zan gwada shi a ajina."

A cikin bas Ortansa ta ga yadda take riƙe da takardar. "Kada ki soma. Na san fuskar nan. Rubuta kawai, wa zai karanta? Ɓerayen ɗakin ajiya?"

"Ni zan karanta. Ina rubutawa ina karantawa."

"To rufe ido!"

Ran Lahadi bayan coci ta zauna da farar takarda da biro. Awa guda takardar tana nan fara. Lambe ya shigo daga wajen amyoyin zumansa, ya tsaya a kanta. Wannan karon bai yi wasa ba.

"Zeno, hannunki ne zai rubuta, ba ke ba. Ni nake shafa miki man zafi duk Satumba, ni na san yadda kike dawowa. Bara kwana goma kika yi ba ki iya sa takalmi da kanki ba."

"Na sani."

"To?"

"To na sani, Lambe, na ce maka na sani!"

Ta yi masa tsawa ne don gaskiya ya faɗa. Ya fita ya bar ta.

Ran Litinin da yara suka tashi, ta buɗe kabad ɗin aji ta ciro rajistar sufetoci. Kowace makaranta tana da irinta, ƙaton littafi mai lambar shafi, an ɗinke shi da zare an danne da hatimi don kada a yage ko ɗaya. Duk sufeton da ya zo dole ya rubuta abin da ya gani da hannunsa kafin a kai shi tebur. Ba wanda ke komawa ya karanta. Ta yi ta buɗawa baya har shekara takwas, sai ga rubutunsa mai kwance, ga sa hannunsa mai dogon wutsiya: "Na ga tsarin igiya da murafe wanda Doamna Zenovia Amariei ta ƙirƙira da kanta. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ya cancanci a yaɗa shi a duk gunduma."

Ta rungumi littafin ta gangara babbar makaranta, inda injin kwafi da hatimi suke. Shugaban makarantar, Darakta Octav Hriscu, ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge.

"Doamna, kin san mutumin nan yana da mutane a ofis. Me za ki yi da wannan?"

"Kwafi nake so, ka buga min daidai da asali."

"Don Allah ki bari sai kin karɓi takardarki tukuna. Bayan nan ki yi duk abin da kike so, ni da kaina zan raka ki."

"Bayan na sa hannu cewa a wurinsa na koya? Da wane baki? Octav, ni na koya maka riƙe fensir, kuma sai da muka sha fama. Daidai da asali ne ko ba daidai ba?"

"Daidai ne, Doamna."

"To buga."

Ya buga, yana ɓata rai kamar a goshinsa ake bugawa.

Asabar ta ƙarshe aka haɗa tebura biyu a bayan aji, kamar yadda aka saba. Kowa ya kawo abin da ya iya, kek, gasasshen nama, lemo, da furanni don mata biyun da ofis ya turo a matsayin kwamiti. Zenovia ta kawo tiren wainar cuku da ta tashi da asuba ta gasa. A gaban Pavaleanu ga takardun shaida a jere, an riga an buga musu hatimi, ya riga ya sa hannu, miƙawa kawai ta rage. Da yake da jerin baƙaƙe ake kiran sunaye, Amariei ce ta farko. Tata ce a sama, tana hango sunanta daga inda take zaune.

Ta miƙa kundi. Babbar 'yar kwamitin ta juya shi kai tsaye zuwa shafin ƙarshe, kofi a ɗaya hannun. Ta karanta. Ta ajiye kofin a hankali, ta tura wa Pavaleanu kundin.

Zenovia ta rubuta da kyakkyawan rubutunta na allo: "A wannan kwas ban koyi komai ba, domin ni na koya wa mai kwas ɗin, a ajina, shekara takwas da suka wuce. A duba takardar da ke biye." Takardar da ke biye kuwa ga hatimin Octav, ga dogon wutsiyar sa hannu.

Pavaleanu ya yi murmushi, ya sassauta murya yadda 'yan gaba kaɗai za su ji. "Doamna, kundinki bai cika ba, shafin ƙarshe bai bi samfuri ba. Ba komai, kuskure ne, ana yi. Ga farar takarda, ga biro. Minti biyar. Ga shaidarki nan tana jiran ki." Ya ɗan turo takardar shaidar da yatsa. "In aka sake buga littafin, zan sa sunanki a wajen godiya. Na yi miki alkawari."

"Ba sai an sake bugawa ba. Ga mutane nan, faɗa musu yanzu."

"Nan ba wurinsa ba ne."

"Nan ne ka yi Asabar uku kana cewa naka ne."

Ta ɗauki kwafin, ta juya ta fuskanci aji, ta karanta shi da muryar da take karanta wa 'yan aji ɗaya, a hankali, kowace kalma a fili, har da kwanan wata. Malamai ashirin da biyar, kowa ya sami abin kallo a kan teburinsa. Wata a baya ta ce "Tab!" a ƙasan maƙoshi, ta kuma mayar da shi tari.

Yanzu murmushin ya tafi. Ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ƙa'idar kwas a rubuce take, ba ni na yi ta ba. Kundin da bai cika ba sai a zama na gaba, watan Satumba. Doamna tana da zaɓi."

Satumba. Jibi Litinin ake rufe karɓar fayil, shi ya sani, ita ma ta sani. Babbar 'yar kwamitin ta ɗago ta ce a hankali, ba da mugunta ba, "Doamna, kin faɗi abinki, kowa ya ji. Rubuta ki karɓi takardarki. Kada ki cuci kanki."

To, a nan ne abin ya yi wuya, don matar gaskiya ta faɗa. Ai ta faɗa, an ji. Zenovia ta tuna nauyin tsohuwar Padova a kafaɗarta, da warin ɗakin, da zafin Agusta, da yadda take cije leɓe in za ta miƙe. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ta ja kujera ta zauna. Ta ɗauki biron. Ta rubuta "Kafin wannan kwas". Pavaleanu ya sauke numfashi, Ortansa ma haka.

Abin da ke biye shi ne "ban san". Ta tsaya tana kallon wurin da zai shiga. Shekara talatin da ɗaya. Yaran da suka fita daga ɗakin nan sun iya karatu, wasunsu yanzu su ke kawo mata nasu yaran. Ba ta da lambar yabo, ba ta da littafi, fayil ɗinta bai kai yatsa biyu ba. Abu ɗaya tak gare ta, ta san yadda ake yi, kuma shi ake so ta sa hannu cewa ba ta da shi.

Ta ajiye biron. "Ba zan iya ba," in ji ta. Sai ta gyara zama. "A'a, ƙarya na yi. Zan iya. Ba zan yi ba ne."

Ta miƙe, ta ninke takardar da ta fara rubutawa ta sa a aljihu. Ta je teburin baya ta ɗauke tirenta na wainar cuku daga tsakiyar abincin, ba wanda ya taɓa ko ɗaya tukuna. Ortansa ta yunƙura za ta tashi, idanu cike da hawaye.

"Zauna," in ji Zenovia. "Yara biyu gare ki a jami'a. Zauna, na ce."

Ortansa ta zauna. Da gaske Zenovia take da ta ce ta zauna, amma duk da haka da ta kai bakin ƙofa ba ta ji motsin kujera ko ɗaya ba, sai da ranta ya yi zafi. Tana cikin baranda ta ji an kira suna na biyu. Wainar kuwa direban bas da fasinjoji suka cinye ta.

Ran Litinin ta kai fayil ɗinta da maki saba'in da biyar. Ta sa wa kowane shafi lamba da hannunta kamar yadda doka ta ce. Magatakardar ta karɓa ta ɗora a kan tulin na wasu, ko gani ba a yi ya ƙaru ba.

A watan Yuni aka liƙa sunaye a ƙofar gilashi ta ofis. An ja layi a ƙarƙashin na talatin da takwas. Zenovia ce ta arba'in da ɗaya. Ba sai ta yi dogon lissafi ba, da sashen kwas bai zama sifiri ba da ta haye layin har da sarari. Ortansa ce ta ashirin da biyu. Ta ci, amma ita ce ke kuka a bakin ƙofar, tana dukan Zenovia a kafaɗa da jaka.

"Jimla ɗaya, Zeno! Jimla ɗaya tak! Ke wace irin mai taurin kai ce? Me kika samu? Gaya min, me kika samu?"

"Jimla biyu ce. Ke malama ce, ki riƙa ƙirgawa daidai. Share fuskarki ki je ki gaya wa yaranki, kin ci abinki."

Me ta samu? Ba komai, kada wani ya yi muku ƙarya. A gefen sunayen ma an liƙa sanarwar kwas na Satumba, Tsarin Pavaleanu, maki sha biyar, a hanzarta yin rajista. Ba wanda ya kira shi ya tambaye shi ko kalma ɗaya.

Ta taka zuwa tasha ita kaɗai, ta zauna a benci, a nan ne ta yi nata kukan. Ba na nadama ba ne, na baƙin ciki ne da gajiya, da haushin cewa bayanta ne zai biya. Da ta gama ta face hanci ta ciro waya ta kira Padova.

"Aglaia, kin sami wadda za ta karɓe ki?"

"Tukuna, duk wadda ta ga matattakalar nan sai ta gudu. Yaya? Kin ci?"

"Ban ci ba. Gaya wa tsohuwar ina nan tafe ran ɗaya ga Yuli."

"Wayyo, ƙanwata. Takarda ce ta yi kaɗan?"

"Guda ɗaya."

"Ba yadda za a yi ki same ta?"

"Tana gabana, da sunana, da hatimi. Ni na bar ta."

Aglaia ta san ƙanwarta tun tana rarrafe, ba ta tambayi dalili ba. Can ta ce, "Kin yi da-na-sani?"

"Tambaye ni a watan Agusta, lokacin da nake ɗaga ta daga baho. Amsar ba za ta canza ba, sai dai ranar da zagi zan ba ki ita."

Ta kashe wayar. Saura minti ashirin bas ya tashi, sai ta tsallaka titi ta shiga kantin magani, ta ce a ba ta bel ɗin ɗaure baya, wanda ya fi ƙarfi.